Ustaz Irshed da Tsohon Sunan Garinmu

Mai karatu, tsaya in yi maka kacici-kacici kafin in yi kuka, don wanda zan yi wa kukan bai taɓa buɗe darasi ba sai da tambaya. Wane suna ne uwa ba za ta raɗa wa ɗanta ba ko sunaye sun ƙare a duniya, amma mutanen farko suka raɗa wa garin da aka haife ni, aka sauya shi, aka manta da shi, yau kuma ga shi yana cin gonakinmu? Riƙe shi a ranka. Ni ma sai da na tsufa aka ba ni amsa.

Daga Allah muka zo, wurinSa kuma za mu tattara, babba da yaro. Ranar Talata goma ga Sha'aban na bana, da hantsi, tumatir yana tsakiyar nuna, Allah Ya karɓi ran Ustaz Irshed, Abu Hamad, ɗan kawuna, tsohon malamin makarantar maza ta Hadisa, bayan ciwon ƙirji da ya kwantar da shi tun shigowar sanyi. Ya bar Hamad da ke aiki a Akaba, da Nofa wadda ta yi jinyarsa. Nofar ce ta ce in rubuta wannan a karanta wa tsofaffin ɗalibansa. Na ce mata ni Tarfa aji huɗu na yi aka cire ni. Ta ce ai babanta ya sha faɗa cewa aji huɗun nan sun ishe ni cutar jama'a. To, ga shi.

Irshed, gida ɗaya aka haife mu a Safi. Aure ya kawo ni Hadisa, nan bakin Tekun Luɗu, kai kuma aikin koyarwa ya biyo da kai daga baya, don Allah bai nufe ni da hutu ba. Duk danginmu babu namijin da ya kai ka ƙanƙanta. Ranar da ka dawo daga soja na ce wa mahaifiyarka ta duba cikin kakin da kyau ko akwai mutum a ciki. A can sojan ka koyi Ibrananci, harshen Yahudu, don a bakin iyaka aka ajiye ka kana saurare. Wasu suka dawo da tabo, kai ka dawo da yaren mutane da littattafai.

Alherinka ba shi da hayaniya. Lokacin da ɗana Falah ya tsere wa makaranta ya koma tsinkar tumatir, ba ka kawo ƙara wurin ubansa ba. Gonar ka riƙa binsa da wandonka mai guga, ka kife akwatin tumatir ka zauna, ka buɗe littafi, har kunya ta mayar da shi aji. Shekarar da mijina Za'al ya rasu, duk ranar da ruwan ban gona ya zagayo kaina, sai in tarar an riga an buɗe an rufe. Na tambaye ka, ka ce wataƙila aljanu ne. Na ce aljanun nan takalminsu ƙarami ne kamar na yara.

Wata sallah ka kwashe mu a motar haya, ni da matarka Wadha da 'ya'yanmu, ka kai mu kogon Annabi Luɗu da ke kan dutse saman Safi. Muna haki, ka nuna mana garin a ƙasa, ka ce a littafin da Yahudu da Nasara suke karantawa sunansa Zowar.

Na ce, "Zowar kuma? Sunan magani ne?"

Ka ce, "'Yar gwaggo, ki bari a gama magana ko sau ɗaya a rayuwarki. Zowar a harshensu yana nufin ƙarami. Sun rubuta cewa da za a kife garuruwan kwarin nan, an ce wa Annabi Luɗu ya gudu kan dutse. Ya ce ba zai kai ba, masifar za ta riske shi a hanya. Ga ɗan gari nan kusa, a bar masa shi ya fake, ai ƙarami ne. Aka amsa masa. Garin ya tsira, sunan ya bi shi."

Wadha ta ce, "Liman ya san da wannan?"

Ka ce, "Ya sani. Ya ce irin labaran da ba mu gaskatawa ba mu ƙaryatawa ne. Ni dai abin da na ɗauka a ciki, bai roƙi a bar kwarin duka ba. Abu kaɗan ya roƙa, aka ba shi."

Na ce, "To in garin ya tsira, me ya kawo Annabin cikin kogon nan mai warin jemage?"

Nan ka daina murmushi. Ka ce littafin ya ce tsoro ne ya hana shi zama a Zowar, ya hau dutse. Na ce tsoron me? Ka ce ba a rubuta ba. Sai ka ƙara da cewa garin yana da wani suna kafin wannan. Na ce faɗi. Ka ce sai na haddace jadawalin sau bakwai. A lokacin wasa ne, muka yi dariya, muka ci burodinmu da soyayyen tumatir a bakin kogon.

Sai teku ya soma ja da baya. Inda muke tsoma ƙafa ina amarya, yau sai ka ƙura ido za ka hango ruwan. Ramin farko ya buɗe a gonar wani maƙwabcinmu da rana tsaka. Ya tafi cin abinci ya bar kunyoyin tumatir da jakinsa a ɗaure, ya dawo ya tarar da rami mai zurfin da ya fi gida, ruwa kore a gindinsa, igiyar jakin tana reto a baki. Daga nan ba a sake tsayawa ba. Gona ta tafi, hanya ta tafi, ɗakunan da mutane suka gina da guminsu suka tsage gida biyu. Ƙasar ba ta gargaɗi sosai. Wani lokaci a ga siririyar tsaga ta zagaya kamar an zana da tsinke, wani lokaci ko ita babu.

Mata suka ce fushin Allah ne ya dawo kwarin. Ka shigo madafina ba sallamar kirki, ka ɗauki farantin da nake murza burodi, ka juye mini gishirina duka, ka rufe shi da yashi, ka riƙa zuba ruwa ta gefe da butar shayi. Saman yashin yana nan lafiya lau, sumul. Can sai ya lotsa lokaci guda.

Ka ce, "Kin gani? Gishiri ne a ƙarƙashinmu. Da ruwan teku ne ke kwance a kansa, ba ya narkar da shi. Yanzu teku ya janye, ruwan daɗi daga duwatsu yana bi ta ƙasa yana lashe shi. Ba fushi ba ne."

Na kore ka da muciya, na ce ka biya ni gishirina. Amma da ka fita na tsaya ina kallon farantin. Fushi ana iya yi masa tuba. Wannan kuwa wa za a ba haƙuri? Tun daga ranar, in jikokina suna wasa da ƙwallo a tsakar gida, ido nake sawa in ga ko tana gangarawa yamma ita kaɗai. In na zuba shayi sai na duba ko ya karkata a kofin. Na sake tambayarka tsohon sunan nan, wannan karon ba ka ambaci jadawali ba. Ka ce, "Bakinki ba shi da murfi, Umm Falah, mata kuma tsoron da suke ciki ya ishe su."

Maƙabartarmu ta dā tana can ƙasa, yamma da gonaki, wajen teku. A nan Za'al yake, a nan aka sa Wadha. Shekaru ke nan da aka daina kai kowa can, don ramuka sun buɗe dama da hagu, sai siririyar hanyar ƙafa ta rage a tsakani. Amma ranar da aka binne Wadha ka kama hannun Hamad a gaban mutane ka ce in taka ta zo, gefenta za a sa ka.

Da ciwo ya yi nauyi na zo duba ka da la'asar. Nofa ta fita dafa shayi. Na ce, "Ɗan kawu, ka janye wasiyyar nan. Kai ka nuna mini farantin. Ka san garin nan. Makara in ta fita babu namijin da zai tsaya baya a ce ya ji tsoro. Duk za su bi ka kan hanyar nan, da ɗana a ciki."

Ka daɗe kana neman numfashi. Ka ce, "Wadha ko bayan gida ba ta zuwa ita kaɗai. Na bar ta can ta daɗe."

Na ce, "Za'al yana nan ai."

Ka ce, "Za'al? Mutumin da bai yi magana yana raye ba?"

Na yi dariya hawaye na zuba. Sai ka yafito ni da yatsa, ka faɗa mini tsohon sunan. Ban buƙaci fassara ba, don kalmar 'yar uwar wata kalma ce a harshenmu, ko mai aji huɗu za ta gane ta. Na ce me ya sa sai yanzu? Ka ce, "Don ki ji tsoro sosai. Ke in kin ji tsoro kina yin abin kirki." Ba ka janye wasiyyar ba. Ka bar mini ita a hannu ka juya fuskarka bango.

Ranar Talatar aka yi maka salla bayan azahar a bakin kwalta, inda hanyar maƙabarta ta rabu. Ban taɓa ganin taro irin wannan a Hadisa ba. Ɗalibanka sun zo daga Karak, daga Safi, daga Amman, manyan mutane masu tumbi da ka koya wa riƙe alli. Mu mata muna tsaye nesa a gindin bango, ina kallon yawan ƙafafun nan, ina kallon siririyar hanyar. Aka sallame, aka soma turereniya wajen makara, kowa yana son kafaɗarsa ta taɓa.

Ban san lokacin da na ratsa sahun maza ba. Na ji ana cewa, "Hajiya, ina zuwa?" Na isa gaban Hamad, na kama bakin jan hiramin da ke kansa, na ƙulla shi tam. A wurinmu wanda aka ƙulla wa bakin hirami ba ya kwancewa sai ya biya buƙata, in kuwa ya ƙi, ya shiga bakin mutane shi da 'ya'yansa.

Fuskar Hamad ta yi fari. Ya ce, "Gwaggo, don Allah kada ki sa ni tsakanin ubana da ƙullinki."

Abin da ke bakina shi ne in ce kada a kai ka can. Amma na dubi yaron nan na ga in na roƙi wannan, ɗayan biyu zai karya, kuma ba wasiyyar ubansa zai karya ba. Zai kwance ƙullin ya wuce, gari duka ya bi shi. Sai na rage roƙon.

Na ce, "Ba babba na zo da shi ba, ɗana. Ku kai shi. Amma mutum huɗu da liman. Sauran su tsaya a kwalta."

Wani dattijo ya ce, "Mu tsaya kamar mata?"

Na ce, "Ku tsaya kamar masu 'ya'ya. Kai musamman, da tumbin nan naka ko kwaltar ina tausaya mata."

Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya a gaban gawa, Allah Ya yafe mini. Hamad ya dubi liman, liman ya gyaɗa kai. Hamad ya ce, "Na karɓa." Ƙullin ya sauke wa kowa kunya, don yanzu ba tsoro ne ya tsayar da su ba, tsohuwa ce. Na soma sakin numfashi ke nan, sai na ji muryar da na sani a bayana.

"Gidan da ya ƙulla, shi ke fara ba da kafaɗa."

Falah ne, yana naɗe hannun riga. Na ce masa a hankali, "Kai, jaki na haifa? Don wa na yi duk wannan?"

Ya ce, "Inna, shi ya bi ni gona da littafi." Ya sumbaci kaina ya wuce.

Haka suka tafi, Hamad da Falah a gaba, mijin Nofa da wani tsohon ɗalibinka a baya, liman yana gabansu da dogon ƙarfe yana caka ƙasa kafin a taka. Diga da shebur suna kan makara wajen ƙafafunka, don ba a yarda kowa ya riga zuwa haƙa ba. Irshed, shekara da shekaru ina yi maka dariyar ƙanƙanta, ranar nan na gode wa Allah da bai ƙara maka ko tsoka ɗaya ba.

Suka yi nisa har suka koma kamar tururuwa. Jama'a ta jeru a bakin kwalta, ba mai tari. Daga nan muna jin diga. Duk saran da aka yi, a ƙirjina yake sauka, don na san ƙasar da suke sara wataƙila ɓawo ce kawai. Nofa ta riƙe hannuna har farcenta ya shige ni. Ban san tsawon lokacin ba. Inuwar bango dai ta bar mu ta koma wani wuri.

Suna kan hanyar dawowa muka ji ƙara daga ƙasa, irin ta ƙofar ƙarfe in an buga ta a ɗaki mai nisa. A tafin ƙafa na fara jin ta kafin kunne. Ƙura ta tashi fara daga wata tsohuwar gona kudu da hanyar, ta rufe su. Wata mata ta faɗi zaune. Maza suka yunƙura za su ruga, dattijon nan mai tumbi ya ware hannuwa ya tare su, Allah Ya saka masa. Ni bakina ya manta duk addu'ar da ya sani, sai sunan ɗana nake maimaitawa. Da ƙurar ta lafa na ƙirga kawuna. Biyar, a tsaye cak, ba mai motsi. Sai liman ya ɗaga ƙarfensa ya caka gabansa, ya taka, suka biyo shi ɗaya bayan ɗaya, makarar ba kowa a hannun na ƙarshe.

Da suka hau kwalta Hamad ya zo gabana ya sunkuya, na kwance ƙullin da hannuna. Ni da Falah muka koma gida. Ya zauna a bakin ƙofa bai cire takalmi ba. Ya ce, "Inna, kada ki faɗa wa Nofa yau. Da na shiga kabarin zan karɓe shi, iska mai sanyi na ji tana hura mini idon sawu daga ƙasa." Na riƙe maganar har ta gama karɓar gaisuwa. Yanzu ta sani, ita ta ce in rubuta har da wannan.

Bayan an tashi zaman makoki aka yi ruwa a kan duwatsu. Da gari ya waye hanyar maƙabarta babu tsakiyarta. Ba na cewa ni na ceci kowa, Allah ne Ya san abin da ƙasar za ta ɗauka da wanda ba za ta ɗauka ba. Abin da na sani, Nofa ba za ta taɓa zama gefen kabarinka ranar Alhamis ta ziyarar kaburbura ba. A bakin kwalta muke tsayawa ni da ita, mu ɗaga hannu wajen teku, mu yi muku addu'a kai da Wadha da Za'al. Daga nan ana hango duwatsun kaburburan, ana kuma hango bakin ramin, kuma kowane mako ina ganin kamar tazarar ta ragu. Nofa ta ce idona ne. Na ce to.

Na riga na gaya wa Falah, ban kuma jira ciwo ba: in tawa ta zo, a sa ni a sabuwar maƙabarta can sama gindin dutse. Za'al ya sha surutuna a duniya, a bar bawan Allah ya huta. Ba na son kowa ya ƙulla wa ɗana hirami saboda ni.

Ya Allah, Kai ne Ka shimfiɗa ƙasa, Kai ke riƙe da ita. Ka ji ƙan bawanKa Irshed, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa makwanci, Ka sanya haske a cikinsa. Duk harafin da ya koya wa yaro Ka sa ya tarar da shi a mizani. Ka haɗa shi da Wadha a gidan da ƙasarsa ba ta motsi. Ka san inda kowane ƙashi yake, ko a kabari ko a gindin rami, ba abin da ke ɓace maKa. Hamad, Nofa, da 'ya'yanku, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya sa ku gama da duniya lafiya. Ɗalibansa na kusa da na nesa, da dangi na Safi da na Hadisa, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya. Mu da muke kwana muna tashi a kan wannan ƙasa, Allah Ya tsare mu daga abin da ke ƙarƙashinmu, Ya sa mu cika da imani. Amin.

Saura bashin da na ɗaukar maka, mai karatu. Kafin a kira Safi da Zowar, sunan garin Bela. A Ibrananci ma'anarsa haɗiya.